Kwantirolan famfon zuƙe iska: mene ne shi, yaya ake saita shi?

Famfon zuƙe iska inji ne da ke janye iska daga rufaffen wuri har matsin ciki ya faɗi ƙasa da na waje. Matsin iskar duniya a bakin teku milibar 1013 ne, famfo mai aiki da mai irin na ɗakin gwaje-gwaje kuwa yana iya sauke shi ƙasa da milibar 1. Kwantirola shi ne akwatin da ke tsakanin famfon da wutar lantarki, shi ke yanke yawan wutar da za ta shiga da lokacin shigarta.

Ma'aunin matsi ne ke ba shi labari, yawanci ta siginar miliamfiya 4 zuwa 20 ko bolt 0 zuwa 10. Kwantirola mai sauƙi kunnawa da kashewa kawai ya iya. Wanda ke da inbata, wato na'urar sarrafa saurin inji, kuma yana rage saurin injin ko ya ƙara shi, ta hanyar sauya bugun wutar daga 50 ko 60 a daƙiƙa zuwa abin da aikin ke buƙata.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne tazarar da ke tsakanin inda famfo zai tsaya da inda zai sake tashi. A ce an saita shi ya tsaya a milibar 100, ya tashi a 102. Iska kaɗan ta sulalo, sai ka ji ƙas, ya tashi. Kafin ka juya, ƙas, ya mutu. Duk tashi ɗaya injin na jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana cikin tafiya, don haka koyil ya ɗau zafi, bakin makunnin ya ƙone. Buɗe tazarar, misali 100 da 150, in dai aikin zai jure, ya fi masa lafiya nesa ba kusa ba.

Kafin wannan ma, a duba farantin da ke jikin injin, a shigar da amfiyar da aka rubuta, wato yawan wutar da injin zai iya ja, domin kwantirola ya yanke wuta idan nauyi ya yi yawa. A sa wa injin iyakar saurin da ba zai sauka ƙasa da ita ba, saboda fankar da ke sanyaya shi a kan sandarsa take, in ya yi tafiyar hawainiya zafi zai kama shi. Inji mai layin wuta uku kuma a tabbatar yana bin kibiyar da aka zana; in baya yake juyawa, a kashe wuta a musanya waya biyu.

Idan famfo ya yi ta gurnani bai kai matsin da aka saita ba, a ƙyale maɓallai. Galibi iska ce ke shiga ta bakin tiyo ko robar mahaɗa, ko kuma man ya gurɓace ya yi fari da ruwa.