Motar asibiti ba ta ɗaukar gawa ba ce

An daɗe ana cewa motar asibiti, wato ambulan, ta gawa ce. Shi ya sa wasu ba sa yarda a sa marar lafiyarsu a ciki, sai su nemi tasi ko Keke Napep. Ba abin mamaki ba ne, don a garuruwa da yawa an fi ganinta ranar jana'iza.

Ainihin aikinta shi ne fara jinya tun a hanya. Wadda aka shirya da kyau tana ɗauke da tukunyar iskar oksijin, na'urar zuƙe majina da jini daga maƙogwaro, bandeji, ruwan ƙari, abin tallafe wuya, da ma'aikacin da ya iya amfani da su. Idan numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wanda ya yi hatsari kuma, in aka naɗe shi a kujerar baya alhali ƙashin bayansa ya taɓu, yana iya shanyewa.

Motocin ba su da yawa. Duk wadda ta tafi kai gawa ƙauye, mai naƙuda da jini ya ɓalle wa ta rasa ta na tsawon sa'o'i.

Ku je asibiti mafi kusa tun kafin buƙata ta taso, ku tambaya: motar na tashi? Akwai direba da dare? Akwai mai, an cika oksijin? Wa ke raka marar lafiya, kuma nawa ake biya? Ku ajiye lambarsu a waya.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.