Iyaye, Mu Riƙa Leƙa Bakin Yaranmu

Wata uwa ta kawo mini ɗanta mai shekara bakwai, kuncinsa a kumbure, kwana uku bai yi barcin kirki ba. Na haska tocilar wayata a bakinsa, sai ga kogo baƙi ƙirin a turmin can ƙurya. Na ce, "Maman yaro, tun yaushe haƙorin nan yake haka?" Ta ce, "Malama, ai ya jima. Na ɗauka na nono ne, zai faɗi wani ya fito." Ba na nono ba ne. Haƙorin girma ne, kuma babu wani da zai maye gurbinsa.

Ban ga laifinta ba, don ba a taɓa zaunar da yawancinmu an nuna mana abin da ke cikin baki ba. Jariri yakan fara haƙori wajen wata 6, galibi na gaba biyu na ƙasa, kafin shekara 3 ya cika guda 20. Babban mutum yana da 32: na gaba 8 masu gatsa, fiƙa 4 masu yaga nama, sai ƙananan turame 8 da manyan turame 12 masu niƙa. Huɗun ƙarshe ba sa fitowa sai tsakanin shekara 17 zuwa 25, wasu ma ba sa yin su sam. Inda iyaye ke ruɗewa shi ne wajen shekara 6. A lokacin ne turmin girma na farko ke tsirowa a bayan haƙoran nono, shiru, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Yaro yana murnar giɓin gaba, kowa yana tsokanarsa, can baya kuwa alawa da lemon kwalba sun fara aiki a kan haƙorin da zai ci tuwo da shi har tsufa.

Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Amma idan ya zaizaye ba ya sake tohowa. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, a tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini, kuma sai ɓarna ta kai can ne ake jin zogin da ke hana barci. Babu tsutsa a ciki, duk da masu turare haƙori a kasuwa da ke nuna wa mutane "tsutsa" a kwano. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawon a hankali.

Yawu shi ke wanke wannan tsamin. Manyan ma'ajiyoyi shida ke samar da shi, uku a kowane gefe: a gaban kunne, a ƙarƙashin muƙamuƙi, da ƙarƙashin harshe. Na gaban kunnen su ne ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Mutum yakan fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, kuma tun a baki yawu ke fara narkar da tuwo, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna burodi sai ka ji ya fara zaƙi. Da dare yawu yana raguwa ƙwarai. Saboda haka goge bakin kafin kwanciya ya fi na safe muhimmanci, mu kuma na safen muka riƙe. Aswaki yana da kyau, ba na raina shi, amma a haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, sau biyu a rana. Ƙaramin yaro ɗan ɗigo ya ishe shi, kuma babba ya tsaya a kansa.

Idan ka ɗaga kai ka duba sama, ganɗa ce: gabanta ƙashi, bayanta tsoka mai laushi. A ƙarshen tsokar ne beli yake reto, wanda wasu ke kira hakin wuya. Kowa da shi aka haife shi. Duk lokacin da muka haɗiyi abu, shi da ganɗar baya ne ke ɗagawa su toshe hanyar hanci, kada nono ko kunu ya biyo ta can. Amma har yau a garuruwanmu da yawa, ranar suna wanzami yakan cire shi, wai don kada ya girma ya toshe maƙogwaro. Ba ya toshewa. Abin da na gani da idona shi ne jariri ɗan kwana takwas da jini ya ƙi tsayawa, ya yi fari fat, da wanda tetanus ya kama muƙamuƙinsa ya ƙage har ya kasa kama nono. Na san wanzamai gadon iyaye suke riƙe da shi, kuma kakanni ne ke matsawa a yi. Aski dai a yi, a bar wa yaro belinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke kai aska ga lafiyayyen beli, dasashi kuma yana ciwo ba mai dubawa. Lafiyayyen dasashi yana kame da haƙori tsam, ba ya jini idan an goge. A jikin yaro mai shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, dasashi mai jini yana iya zama mafarin ciwon noma. Baki ya fara wari, yawu ya yi ta dalala, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya yi baƙi ya ɓule har a hango haƙora daga waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 9 cikin 10 na yaran da ba su sami magani ba suna rasuwa, kuma a Disambar 2023 ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Sakkwato akwai asibiti na musamman na wannan ciwo tun 1999, inda ake gyara fuskokin waɗanda suka rayu. Alhali idan an tare shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sukan wadatar, a asibitin da ke kusa da ku ma.

Duban nan ba ya cin minti ɗaya. Sau ɗaya a mako, bayan wanka, ki wanke hannu, ki ɗora yaron a cinya wajen haske, ki ɗaga leɓen sama, ki ja na ƙasa, ki ce ya ce "aaa". Baƙin ɗigo a turmi, a nemi likitan haƙori kafin ya zama kogo. Dasashi mai jini da wari a bakin yaron da ya rame, wannan ba a kwana da shi a gida. Ku manya masu taba gari da sigari, gyambon baki ko farin tabo a harshe da ya wuce mako biyu bai warke ba, a zo mu gani.