Lungun Maya

Lungun Maya wani ɗan bakin teku ne a tsibirin Fi Fi Le da ke Tekun Andaman, cikin lardin Kirabi a kudancin ƙasar Tailan. Duwatsun farar ƙasa masu tsayin da ya kai mita 100 sun yi masa zobe ta ɓangare uku, sai ƙofa guda ta wajen yamma inda ruwan teku ke shigowa. Rairayinsa bai wuce mita 250 a tsawo ba, mutum zai taka shi daga wannan kai zuwa wancan cikin minti biyar. Ba gari a tsibirin, ba otal, ba kasuwa. Yana cikin gandun ƙasa na Hat Nofarat Tara da tsibiran Fi Fi, wanda gwamnatin Tailan ta kafa a 1983. A tikiti da taswira ana rubuta sunan tsibirin Phi Phi Leh, maƙwabcinsa kuma da mutane ke zaune a kai Phi Phi Don.

Dutsen da yadda ya samu siffarsa

Wanda ya saba da Kufena a Zariya ko duwatsun Kajuru ya san dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, wanda rana da ruwa ke ɓare wa fata sannu a hankali har ya koma sumul kamar bayan ƙwarya. Dutsen Fi Fi ba danginsu ba ne. Ɗan'uwan wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ne don yin siminti. Asalinsa ɓawon halittun ruwa ne da murjani da suka yi ta taruwa a ƙasan wani tsohon teku, shekara fiye da miliyan 250 da suka wuce, suka danƙare, daga baya motsin ƙasa ya cira su sama.

Irin wannan dutse yana narkewa. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sararin sama da kuma ruɓaɓɓen ganye, sai ya yi ɗan tsami. Tsamin ba shi da ƙarfin da harshe zai ji, amma idan ya bi tsagar dutse shekara dubbai yana cin gefenta, tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Idan rufin kogo ya yi nauyi ya rufta, sai a sami fili a tsakiya da bango tsaye a kewaye. Mutanen yankin suna kiran irin wannan wuri hong, wato ɗaki a harshensu. Inda teku ya sami hanyar kutsawa cikin irin waɗannan wuraren, nan ake samun lungu mai ruwa kwance da bango ya tare masa iska.

Daga ƙasa kuma teku ke nasa aikin. Duk wanda ya kusanci gindin dutsen a kwalekwale zai ga wata kwarmi da ta kewaye shi daidai inda ruwa ke tsayawa, kamar an sa gatari an sassaƙe gindin itace. Igiyar ruwa ce da ƙananan halittun da ke kankarar dutse don cin gansakuka suka yi ta. Shi ya sa tsibiran wannan yanki suke da siririn gindi da babban kai, kuma shi ya sa zama a inuwar irin wannan rumfar dutse ba dabara ba ce, musamman bayan ruwan sama. Gutsure yakan faɗo ba sallama.

Rairayin ma daga nan ya samo farinsa. Yashin Kogin Kaduna garin dutse ne mai kaushi, yana ɗaukar zafi har ya ƙona tafin ƙafa da azahar. Na Maya yawancinsa garin murjani ne da ɓawon ƙananan dabbobin ruwa, wani kaso ma kifin da ke gatsar murjani ne ya niƙa shi ya fitar. Yana da laushi kamar garin alkama, kuma haskensa ne ke sa ruwan da bai da zurfi ya yi wannan launin tsanwa-shuɗi da ake gani a hotuna.

Cunkoso da rufewa

Wurin ya yi suna a duniya bayan fitowar fim ɗin The Beach a shekarar 2000, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki. Masu fim ɗin sun baje tudun yashi sun dasa itatuwan kwakwa don wurin ya dace da abin da suke so, lamarin da ya jawo shari'ar da aka shafe sama da shekara ashirin ana yi, sai a 2022 kotun ƙoli ta ƙasar ta ba da umarnin gyara wurin.

Ɓarnar baƙi ta fi ta masu fim. Kafin 2018 mutum kusan 5,000 ke sauka a ɗan rairayin nan a kullum, a jiragen ruwa kimanin 200. Kowane jirgi yana jefa anga a kan murjani, farfelarsa tana tayar da laka, man inji da man shafawa suna zuba a ruwa. A buɗaɗɗen teku igiya za ta kwashe wannan ƙazanta. A nan kuwa bangon da ya hana iska shiga shi ne ya hana dauɗa fita, sai ta zauna a kan murjanin ta shaƙe shi. Murjani dabba ce mai rai, kuma irin mai rassa da ya fi saurin girma 'yan santimita kawai yake ƙarawa a shekara.

A watan Yuni na 2018 hukumar gandun ta rufe lungun. Da farko wata huɗu aka ce, aka yi ta ƙarawa har shekara uku da rabi. A tsawon lokacin an dasa sabon murjani, ƙananan kifayen shak masu baƙin baki a fiffike kuma suka dawo suna haihuwa a ruwan da bai kai ƙugu ba. An sake buɗewa a watan Janairu na 2022 da sababbin dokoki.

Yadda ake shiga yanzu

Jirgi ba ya shiga ta ƙofar lungun. An ja igiya mai shawagi a kan ruwa a bakin ƙofar, masu son hoto daga teku a nan suke tsayawa. Mai son taka rairayi sai an zagaya da shi bayan tsibirin, zuwa lungun Lo Sama, inda aka kafa wata gada mai shawagi a kan ruwa. Daga gadar akwai hanyar katako da ta ratsa ƙaramin kurmi, tafiyar kamar minti biyar zuwa goma. An yi ta a ɗage daga ƙasa don kada ƙafafu su kashe ciyayin da ke riƙe yashi, kuma sauka daga kanta laifi ne.

Gadar nan ita ce wurin da aka fi jin jiki. Tana rawa, jirgin ma yana rawa, kuma ba tare suke rawar ba. A jira sai mai jirgi ya ce a taka, a miƙa masa jaka tukuna, hannu biyu su kasance babu komai. Silifas mai santsi da doguwar riga mai jan ƙasa su ne ke kayar da mutane. Takalmin roba mai maɗauri a dunduniya ya fi, mata kuma su tattare gefen abaya ko zani kafin a taka.

Ba a iyo a lungun. An yarda a shiga ruwa iyakar gwiwa, ma'aikata na tsaye da usur suna mayar da wanda ya zarce. Zaman kowace tawaga kimanin awa ɗaya ne. Baƙo daga wata ƙasa yana biyan bat 400 (bat shi ne kuɗin Tailan) kuɗin shiga gandun, yaro 200, kuma a tambayi mai shirya tafiya tun a farko ko kuɗin yana cikin farashin da ya faɗa, domin sau da yawa ba ya ciki, sai an iso gada a ce a kawo tsaba. Haramun ne a ɗebi yashi ko ɓawon kifi, ko a ciyar da kifi, ko a tashi jirgi marar matuƙi ba tare da izini ba. Tun 2021 an hana shafa man kariyar rana mai sinadaran da ke kashe murjani, irin su oksibenzon da oktinozet, a duk gandayen ruwan ƙasar, tarar tana iya kaiwa bat 100,000. Riga mai dogon hannu da malafa sun fi kowane man shafawa aiki, ba kuma wanda zai ci mutum tara a kansu.

Lokaci

Rani a wannan gaɓar yana kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kusan daidai da na Kaduna, sai dai ba hunturu ba hazo. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ke busowa daga kudu maso yamma, teku ya yi tsauri, a wasu ranakun ma a hana ƙananan jirage fita. A 'yan shekarun nan ana rufe lungun daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba don ya huta. Wanda ya tsara tafiyarsa a kan dogon hutun makaranta zai iya isa ya tarar da ƙofa a rufe.

Abin da ɗan tudu ya fi mantawa da shi shi ne cika da janyewar teku. Kogi a wurinmu sau ɗaya yake cika a shekara. Tekun Andaman sau biyu yake cika a kowace rana, sau biyu yana janyewa, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum. A kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu bambancin yakan kusanci mita uku. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san ranakun. Idan ruwa ya janye sosai, lungun ya koma fili mai duwatsu da matattun murjani, launin nan da aka zo gani ya tafi, kuma jirgi ba ya iya shiga tafkin Pile da ke ɗaya gefen tsibirin, inda aka yarda a yi iyo. A duba jadawalin ruwan ranar kafin a biya kuɗin jirgi.

Mai neman shiru sai ya kwana a Fi Fi Don ya fita da sassafe bayan asuba, kafin jiragen da ke tasowa daga tsibirin Fuket su iso da hantsi. Abin da zai rasa shi ne haske, domin dutsen gabas yana tare rana har sai ta ɗaga. Mai son hoto mai launi kuma dole ya haƙura da taro.

Hanya daga Kaduna

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, ofishin jakadancin Tailan kuma yana Abuja. Ana neman katin rigakafin shawara, da takardar wankewa daga hukumar NDLEA, wadda takan ɗauki lokaci, don haka da ita ake farawa. Tun Mayu na 2025 kowane baƙo yana cike katin isowa ta intanet kafin ya sauka. Daga tashar Rigasa jirgin ƙasa yana kai mutum Abuja, daga can a bi ta Adis Ababa ko Doha. Agogon Tailan yana gaban na Najeriya da awa shida.

Daga Fuket babban jirgin fasinja yana kai wa Fi Fi Don cikin kamar awa biyu, daga Kirabi ƙasa da haka kaɗan. Jirgi mai gudu yana rage lokacin da kusan rabi, amma yana dukan igiya da ƙarfi, bai dace da mai juna biyu ko mai ciwon baya ba, kujerun gaba kuma su suka fi shan duka. Daga Fi Fi Don ana ɗaukar shatar kwalekwalen katako mai dogon wutsiya, wanda aka ɗora wa injin mota a baya da doguwar sandar ƙarfe mai farfela a ƙarshenta. Yana da ƙara kamar injin niƙa, fesin ruwa kuma yana jiƙa komai, sai a sa waya da fasfo a jakar da ruwa ba ya shiga. A ƙirga rigunan kariya daga nutsewa kafin a tashi, a sa su, ko da mutum ya iya iyo a kogi. Mai jin jiri ya sha magani rabin awa zuwa awa ɗaya kafin hawa, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa. Idan amai ya riga ya taso, maganin ba ya tsayawa a ciki.

Musulmi suna da yawa a lardin Kirabi, masunta Musulmi ne ma suka fara kafa ƙauye a Fi Fi Don, kuma akwai masallaci a tsibirin. Abincin halal ba ya wuyar samu, amma naman alade ya yawaita a girkin ƙasar, sunansa mu a harshensu, don haka a nemi rumfar da ke da alamar halal. Alƙibla tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, saɓanin gabas da aka saba. Ana alwala da ruwan teku. Yawancin baƙin da ke rairayin cikin kayan wanka suke, mai tafiya da iyali gara ya san haka tun daga gida.

Abubuwan da ke raunata mutane

Kifin shak na lungun ƙanana ne, gudun mutum suke yi. Abin tsoro yana ƙarƙashin ƙafa. Murjani yana yanka kamar reza kuma yankansa yana saurin ruɓa, sai a wanke da ruwa mai daɗi da sabulu, a cire duk ɓurɓushi, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bushiyar teku tana ɓuya a tsakanin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin nama, jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi mai ɗan zafi yana rage raɗaɗi. Idan wata halittar ruwa mai kama da leda, wadda ake kira jellyfish a Turance, ta yi harbi, binega ake kwarara wa wurin na aƙalla daƙiƙa 30, ba a murzawa, ba a zuba ruwan sha, kuma idan numfashi ya fara sarƙewa a garzaya asibiti.

Yawancin masu jirgi suna biyawa ta wani rairayi a Fi Fi Don inda birai ke saukowa. Suna fizge leda da kwalba, suna cizo, cizonsu kuma yana buƙatar allurar rigakafin cutar haukan kare a ranar.

A ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar tsunami ta afka wa Fi Fi Don ta ɓangarori biyu na siririn yashin da garin ke kai, ta kashe ɗaruruwan mutane. Tun daga nan aka kafa alamomin hanyar tsira zuwa tudu. Idan ƙasa ta girgiza, ko aka ga teku ya janye da sauri cikin 'yan mintoci har kifi na birgima a fili, ba a tsayawa kallo ko ɗaukar hoto, a bi alamar a hau sama.