Kafin ka dangwala yatsa a takardar gwajin magani

Wani dattijo manomin riɗi da nake kira Baba ya tare ni bayan la'asar a bakin asibitinmu da ke kudancin Gadarif, a gabashin Sudan, waya a hannu. Jikansa ne ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp: wai ana neman matasa masu lafiya a gwada sabon magani a jikinsu, a kwana biyu, a ɗebi jini, a turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak. Ya ce, "Ɗana, kai ne a aikin lafiya. Wannan hanyar abinci ce ko tarko? Yaron nan tun da yaƙi ya koro su daga Hartum bai riƙe ko sisi na kansa ba." Na karɓi wayar na saurara sau biyu. Mai maganar ya ambaci kuɗi sau uku. Sunan maganin, sunan ciwon, sunan likita, ko ɗaya bai faɗa ba.

Na san abin da da yawa daga cikinmu za su ce: a bar shi kawai, ai mun ji abin da ya faru a Kano. Ba laifinsu ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Labarin ya iso mu nan, daga Mai Wurno har Kasala, kuma har yau in ma'aikacin lafiya ya fito da takarda ya ce a sa hannu, sai ka ga tsofaffi sun kalli juna.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma mu mutanen Gadarif mun fi kowa saninsa. Duk wanda ya taso inda aduwa ta yi yawa, a kan baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani, ya san kala-azar: zazzaɓi na makonni, saifa ta kumbura, yaro ya rame ya bar ciki a gaba. Ɗan ƙaramin ƙudan da ke ɓuya a tsagar ƙasa ke kawo ta, kuma in ba a yi magani ba kusan kullum mutuwa ce. A da kwana 30 ake yi ana shan allurar Pentostam mai zafi. Uwa ta bar gona, ta bar sauran yara, ta tare a asibiti wata guda. An koma kwana 17 ne saboda an gwada haɗa wannan allura da wata allurar mai suna paromomycin a jikin marasa lafiya a Sudan, Habasha, Kenya da Yuganda, ƙarƙashin haɗin gwiwar da ƙungiyar DNDi, mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, ta kafa da likitocin yankin a 2003, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin a 2010. Mutanen jihar nan suna cikin waɗanda suka ba da jikinsu. Daga 2017 aka sake wani gwajin, har da asibitin Doka da ke nan jihar Gadarif, na ƙwayar miltefosine da allurar paromomycin ɗaya a rana na kwana 14, kuma fiye da 90 cikin 100 sun warke.

Haka ciwon madura, wanda ake kira nabit, da ke shiga ta sukar ƙaya ya ci ƙafar manomi a hankali har a yanke ta. Cibiyar da Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya kafa a Soba, a Hartum, a 1991 ita ta yi gwajin sabon maganin fosravuconazole daga 2017, da marasa lafiya 104. Sakamakon bai nuna ya fi itraconazole, maganin da aka saba, warkarwa ba, sai dai sau ɗaya ake shansa a mako maimakon kullum. Ina so a lura da wannan, don shi ne asalin gwaji: masu binciken kansu ba su san amsar ba sai da aka gama. Da sun sani, da ba gwaji suke yi ba. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya yi wa wannan cibiya mummunar ɓarna, kuma wannan hasara ce ta kowane mai riƙe da fartanya daga Jazira zuwa Sinnar.

Saboda haka ba zan ce wa kowa ya guji bincike ba. Abin da nake cewa shi ne a raba shi da kuɗi a zuciya kafin a yanke shawara.

Gwajin magani hawa-hawa ne. Bayan an gama da ɗakin bincike da dabbobi, hawa na farko mutane ƙalilan ake ba, galibi masu lafiya, don a ga yadda jiki ke karɓarsa da inda illa ke farawa. A hawa na biyu da na uku ake shigo da masu ciwon, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, a kwatanta sabon da tsohon. Gwaje-gwajen Doka da Soba na marasa lafiya ne: ribar mutum ita ce magani da kulawa kyauta, a biya masa kuɗin mota da abinci, wani lokaci da ɗan abin da zai maye masa yinin da ya rasa a gona. Inda ake jin kuɗi mai kauri shi ne hawa na farko, kuma dalilin a fili yake. Lafiyarka ƙalau, maganin ba zai ƙara maka komai ba, kai ne kawai ka ba da lokacinka da jijiyarka ka ɗauki kasadar abin da ba a gama sani ba. Yawancin irin wannan gwaji ana gamawa lafiya, da ɗan ciwon kai ko jiri. Amma a 2006 a Landan, samari shida masu lafiya da aka yi wa alƙawarin fam 2,000 kowanne sun ƙare a ɗakin kulawa ta musamman cikin sa'o'i kaɗan da yi musu allura, sassan jikinsu suka nemi tsayawa. A 2016 a Faransa mutum ɗaya ya rasu a irin wannan gwaji. Can ne fa, inda na'ura da likita ke tsaye a kan mutum dare da rana.

Ƙa'idar da duniya ke bi, tun Sanarwar Helsinki ta 1964 da dokokin da suka biyo bayanta, ba ta hana a biya mutum ba. Abin da ake tsoro shi ne kuɗin ya yi yawan da zai rufe wa mutum ido, ya yarda da abin da ba zai yarda da shi ba in da cikinsa a ƙoshe yake. A halin da muke ciki yanzu, da mutane ke kwana a makarantu da gidajen 'yan'uwa, jine, kuɗin Sudan, ta zube, ba sai kuɗi ya yi yawa ba kafin ya rufe ido. Shi ya sa nake gaya wa matasa: in ka ji zuciyarka na lissafin abin da za ka saya tun ba a gaya maka illar maganin ba, tashi ka je gida ka kwana, gobe ka dawo. Wuri na gaskiya zai jira ka.

Ta yaya za ka gane wurin gaskiya? Fara da ginin. Bincike na ƙwarai yana zaune ne a asibiti ko cibiyar jami'a da aka sani, mai suna a ƙofa, mai gadon kwanciya da iskar numfashi da likitan da ke kwana, ba ɗaki biyu a bayan kantin magani ba. Tambayi sunan babban mai binciken, a rubuta maka. Sannan ka nemi ganin takardar izini. A Sudan gwajin magani a jikin mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da kuma hukumar da ke kula da magunguna, wadda ake kira Majlisul Ƙaumi lil Adwiya was Sumum. Takardar tana da lamba da kwanan wata da hatimi, kuma ba sirri ba ce. Gwaji na gaskiya yana da lambar rajista da ake iya dubawa a intanet, a ClinicalTrials.gov ko a rajistar Afirka ta PACTR. Ɗalibi ɗaya mai waya ya isa ya duba wa unguwa. 'Yan'uwanmu na Makka da Jidda, ku hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ce ke ba da wannan izini, tana da tata rajistar.

Sai takardar yarda, wadda ake ce wa muwafaƙa. A nan aka fi cutar mutanenmu, ba lallai da mugunta ba, sau da yawa da gaggawa. Da Larabcin boko ake rubuta ta, mai nauyi, alhali tsohuwar da ke gabanka Larabcin kasuwa take ji, tunaninta kuma da Hausa take yinsa. Haƙƙinki ne, Inna, a karanta miki a fassara, a gaban shaida wanda ke kika zo da shi ko kika yarda da shi, ba ma'aikacin binciken ba. Haƙƙinki ne a ba ki kwafi ki tafi da shi. In yaro ne, sai uwa ko uba ko waliyyi sun yarda, in kuma ya yi wayo a tambaye shi shi ma. Izinin mai unguwa ko na liman na buɗe wa masu bincike ƙofar gari, amma ba ya zama yardar kowa. Haka maigida: a yi shawara da shi, ya kamata, sai dai jikin na matar ne, yatsanta ake nema.

Kada kunya ta hana ka tambaya don ka ga farar riga. Tambayi ko ƙuri'a za a jefa, domin a yawancin gwaji kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu, kai ba ka zaɓa, likita ba ya zaɓa, wani lokaci ma shi kansa bai san wanda kake sha ba. Tambayi ko akwai waɗanda za a ba ƙwayar da babu magani a cikinta. A ciwo mai kisa irin kala-azar, da ake da maganinsa, ba a yarda a bar mutum da ƙwayar wofi ba. Da maganin da aka saba ake kwatantawa. Jini nawa za a ɗiba, sau nawa, ina za a kai shi, za a ajiye shi ko za a zubar? Idan na kwanta ciwo saboda maganin, wa zai biya, akwai inshora, wace lamba zan kira da tsakar dare? In na ce na fasa fa? Amsar wannan ta ƙarshen guda ɗaya ce: kana iya fita duk ranar da ka so, ba tara, ba a hana ka maganin da ake ba kowa. Tambayi kuma ko za a biya ka kwanakin da ka riga ka yi, don wurin da ya ƙulle kuɗin duka sai ranar ƙarshe ya ɗaure ka ne da igiyar da ba a gani. Wanda kuwa ya ce kai za ka biya kuɗin rajista, ko ka bar masa fasfo ko katin shaidarka, ba bincike yake yi ba.

Akwai nauyin da ke kanmu mu ma, kuma a nan zan faɗi abin da ba a son ji. Mai neman a ɗauke shi yakan ɓoye abubuwa: ciwon hanta da ya taɓa yi, jiƙon da yake sha da safe, ƙwayoyin ƙarfin aiki da wasu leburorin girbi ke haɗiya, ko cewa wata biyu da suka wuce ya shiga wani gwajin. Ba likitan ka yaudara ba. Hantarka da ƙodarka ne za su haɗa waɗannan abubuwa da sabon maganin, su kuwa ba a yi musu ƙarya. Mata kuma, in an ce sai an yi gwajin ciki ko sai an ɗauki matakin hana ɗaukar ciki na wasu watanni, ba raini ba ne, ba kuma makircin hana haihuwa ba. Miltefosine, alal misali, an san yana iya lalata halittar ɗan tayi. Wadda ba ta shirya wa wannan sharaɗi ba ta faɗa tun farko, a ba ta maganin da aka saba. Mai azumi ma ya tambayi lokutan shan ƙwayar kafin Ramadan ya riske shi a tsakiyar gwaji.

Ni da Baba muka zauna a kan bencin bakin asibiti muka kira lambar, na sa a lasifika. Wani saurayi ya ɗauka da fara'a. Na gaishe shi, na ce muna da yaro mai sha'awa, amma a gaya mana sunan asibitin da sunan likita da lambar takardar kwamitin ɗa'a. Ya ce duk wannan sai an zo, kuma gurbi ya kusa cika, a turo hoton katin shaida yanzu a riƙe masa wuri. Na ce to a turo mana hoton takardar izinin tukuna, mu kuma mu turo namu. Ya ce zai kira.

Baba ya mayar da wayar aljihu, ya ce zai gaya wa jikan ya zo a kama yankan riɗi, ko ba yawa ana biya da yamma. Mako uku ke nan, ba a kira ba.