Sanin halin mai ciwon daji kafin a yi masa bayani: tambayoyi da amsoshi

Mutum biyu za su shiga wurin likita ɗaya da ciwon daji iri ɗaya, a karanta musu sakamako iri ɗaya. Na farko ya fito yana zargin an ɓoye masa wani abu, na biyu ya fito kansa ya ɗaure saboda an jibga masa bayanin da bai nema ba. Wannan ne ya sa wasu cibiyoyin kula da masu ciwon daji, wato kansa, suke auna halin majiyyaci kafin ya zauna gaban likita.

Me ake nufi da auna halin majiyyaci?

Ba gwajin taɓin hankali ba ne. 'Yan tambayoyi ne da mara lafiya yake amsawa a takarda ko a kwamfuta, ko ma'aikaciyar jinya ta karanta masa. Ana son a san yawan damuwarsa, da yawan bayanin da yake son ji, da ko yana son ya zaɓi magani da kansa ko ya bar wa likita, da kuma ko akwai mai tsaya masa a gida. Fannin kula da halin zuciyar masu ciwon daji ya kafu sosai daga 1977, lokacin da Dakta Jimmie Holland ta buɗe sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering da ke New York.

Ashe ba kowa ne yake son a faɗa masa komai ba?

A'a, kuma su kansu likitocin sun daɗe suna lalube a nan. Wani bincike da Donald Oken ya fitar a Amurka a 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya sun fi son kada su faɗa wa mutum cewa kansa ce. Da aka maimaita tambayar a wani binciken da aka wallafa a 1979, kashi 97 suka ce za su faɗa. Cikin shekara 18 abu ya juye, sai dai an bar wata matsala aka faɗa wata: da ana yi wa kowa shiru, yanzu ana yi wa kowa jawabi iri ɗaya.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Suzanne Miller ta raba mutane gida biyu a nan. Akwai masu bin diddigi: sai sun ji girman ƙarin, da sunan kowane magani, da kashi nawa ne ke warkewa, sannan hankalinsu ya ɗan kwanta. Idan aka taƙaita musu, sai su shiga intanet da tsakar dare su cike giɓin da abin da ya fi tsoratarwa. Akwai kuma masu kau da kai, waɗanda burinsu su ji abin da za a yi gobe kawai, yawan lissafi kuwa hana su barci yake yi. Babu mai laifi a cikinsu. Kowa da yadda yake ɗaukar kayansa.

Da me ake aunawa?

Mafi sauƙi shi ne ma'aunin damuwa, wanda aka zana da siffar ma'aunin zafin jiki, daga 0 zuwa 10. Mutum ya nuna inda damuwarsa ta kai a makon da ya wuce, sannan ya zaɓi abin da ke jawo ta: zafin ciwo, kuɗin magani, iyali, tsoro. Yawanci wanda ya nuna 4 ko sama da haka ana ƙara bincika lamarinsa. Akwai HADS, tambayoyi 14 da Zigmond da Snaith suka tsara a 1983, 7 kan fargaba, 7 kan ciwon baƙin ciki. Dabarar da ke cikinsu ita ce ba sa dogara da alamomin jiki irin su rashin cin abinci, domin cutar da maganinta ma suna kawo su. Ita kuwa Lesley Degner ta Kanada katuna 5 ta yi, daga "ni zan yanke shawara" har zuwa "na bar wa likita komai", mara lafiya ya jera su yadda ransa ya fi so.

To idan likita ya ga sakamakon, me zai sauya?

Maganin bai sauya ba. Wanda ke buƙatar tiyata ko kemo (magunguna masu kashe ƙwayoyin kansa) ko gashi (ƙona ƙarin da haske na musamman), shi za a yi masa. Hanyar magana ce take sauyawa. Mai bin diddigi a ba shi alƙaluma, a rubuta masa, a bar masa lokacin tambaya. Wanda fargaba ta yi wa yawa kuwa a raba masa bayanin zama biyu ko uku, a ce ya zo da wanda ya amince da shi, don da zarar kalmar "kansa" ta faɗa kunne, mafi yawan abin da ya biyo bayanta ba ya zama. Likita zai iya cewa, "Baba, akwai masu son a zayyana musu komai, akwai masu son muhimmin abu kawai. Wanne ka fi so?" A ƙarshen zama kuma, maimakon "ka gane ko?", wadda kowa ke amsa ta da gyaɗa kai, sai ya ce, "Idan ka koma gida aka tambaye ka, me za ka ce na faɗa?" Tsarin SPIKES mai matakai 6 na isar da mummunan labari, wanda Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka wallafa a 2000, a kan haka ya ginu: a fara jin abin da mutum ya riga ya sani, a nemi izininsa, sannan a yi bayani.

Wannan ba wata hanyar ɓoye gaskiya ba ce?

Za ta iya zama hakan a hannun likitan da ke gudun zance mai nauyi. Bambancin shi ne wanda ya yi zaɓin. Idan mara lafiya ne da bakinsa ya ce a yi magana da ɗansa, haƙƙinsa ne. Idan dangi ne suka tare likita a bakin ƙofa suka ce kada a faɗa masa, alhali shi yana tambaya, wannan wani abu ne daban. Kuma ko mai kau da kai sai ya san abin da za a yi wa jikinsa da haɗarin da ke ciki kafin ya sa hannu.

Shin halin mutum na jawo kansa, ko ƙarfin zuciya na warkar da ita?

Manyan bincike ba su tabbatar da ko ɗaya ba. Nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2002 bai sami hujja mai ƙarfi cewa salon jure ciwo yana tsawaita rai ba. Wannan ya kamata masu zuwa dubiya su riƙe, domin "ka daina damuwa, damuwa ce ke ƙara maka ciwon" tana ɗora wa mara lafiya laifi a kan ciwonsa.

Ina raunin wannan tsari yake?

A ganina babban haɗarin shi ne tambari. A rubuta "mai fargaba" a fayil, daga nan duk ciwon da mutum ya kawo kuka a kansa a ce tsoro ne. Hali kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: wanda ya ƙi jin komai ranar da aka gano ciwon zai iya neman sanin komai idan ciwon ya dawo, shi ya sa ake sake aunawa a farkon magani, da ƙarshensa, da duk lokacin da labari ya sauya. Tambayoyin da aka tsara a wani harshe ba lallai su yi aiki a wani ba sai an gwada su, kuma amsoshin sirri ne kamar sakamakon jini. Sannan awo kaɗai ba ya rage damuwa. Daga 2015 hukumar da ke tantance cibiyoyin kansa ta ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta wajabta auna damuwar majiyyata, ta kuma haɗa da sharaɗin cewa wanda aka ga yana cikin damuwa mai yawa a tura shi wurin mai taimaka masa.