Mai jinya ma yana da kujera a taron kwamitin likita

A kusan kowane gida na Maraɗi akwai mai yin wani aiki da ba albashi, ba hutun Lahadi: jinya. Uwar da ke goya yaro ɗan shekara goma da bai taɓa takawa ba, matar da ke juya mijin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, jikan da ke yi wa kakansa makaho jagora daga Bagalam zuwa babbar kasuwa. Mu ma'aikatan lafiya muna karɓarsu, mu rubuta takardar magani, su tafi. Amma ranar da za a zauna a tsara yadda likitar unguwa za ta yi aiki, da wuya ka ga ɗayansu a kan benci.

Zamansu a wurin kuwa haƙƙi ne, ba alfarma ba. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta wajabta wa gwamnati tuntuɓarsu, ta hanyar ƙungiyoyinsu, a duk dokar ko tsarin da ya shafe su. Shi ma kwamitin da muke kira COGES, mai lura da kuɗi da magungunan CSI, wato likitar unguwa, tushensa shawarar Bamako ce ta 1987, wadda ta ce jama'ar gari su sa hannu a tafiyar da likitarsu. To, gurgu da kurma da tsohuwar da ba ta iya fita, su ba jama'ar gari ba ne?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya zai zuba gangaren siminti a ƙofa ya ce an gama, mai keken guragu ne kaɗai zai faɗa maka tudun ya yi tsaye, sai an turo shi. Mai kula da mai farfaɗiya ita ta san abin da ke faruwa a gida in maganin ya yanke mako guda. Kurmar da ta zo awon ciki ta san ta koma ba ta fahimci komai ba, mu kuwa mun rubuta a littafi cewa an yi mata bayani. Ga kuma maganar kuɗi. Tun 2006 aka ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma an ga amfaninsa. Sai dai yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa ba ya warkewa ranar da ya cika biyar. Uwarsa ce za ta iya lissafa kuɗin kabu-kabu, da na magani, da sana'ar ƙosan da ta ajiye don ta zauna da shi. Wannan lissafin ba ya cikin rahoton kowane wata da muke aikawa.

Tsari kuwa muna da shi tun fil azal. Akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, kuma a jihar nan aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, mata suka koyi riƙe asusu da yin magana a gaban taro. Sai dai a kula. In an gayyaci sarki shi kaɗai, maganar mata ba ta iso ba, alhali su ne suka fi kwana a kan tabarmar jinya. Haka kuma mai jinya, duk ƙaunarsa, ba shi ne mai lalurar ba. Sau da yawa a tambayi Baba inda ke masa ciwo, ɗansa ya riga shi amsawa. A bar Baba ya yi maganarsa, ko da a hankali take fitowa.

Ƴan uwana ma'aikata, kada mu kira taro da rana tsaka a ɗaki mai matakala, mu yi bayani da Faransanci, sannan mu ce mutane ba su zo ba.

Ku kuma Inna da Baba, da ku matasa masu ɗawainiya da iyaye, ku tambayi mai unguwa ko shugaban CSI ranar zaman kwamiti. Ku je biyu ko uku, da magana guda takamaimai: ban ɗakin da keke ba ya shiga, ko layi na daban don tsofaffi, ko ranar da za a riƙa zuwa duba waɗanda ke kwance a gida. Ku nemi a rubuta ta a takardar taro, a karanta muku. A zama na gaba ku tambayi inda aka kwana. In abin ya fi ƙarfin kwamiti, kamar gini ko hanya, ku kai shi ma'aikatar magajin gari ta hannun ƙungiyarku, da kwafin takardar.