Falle ɗaya da hasken rana: yadda ake son mayar da iskar kabon ta zama mai

Da gaske iskar da ke ɗumama duniya za ta iya komawa makamashi?

Ƙwarai kuwa. Aikin ganyen bishiya ke nan kullum: ya sha rana, ya haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid, ya samar da sukari. Shi masana ke kwaikwayo. Tun 1979 Akira Fujishima da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa garin wasu sinadarai, in aka zuba shi a ruwa aka haska, yana juya iskar zuwa ɗan metanol, wani ruwa da ake ƙonawa a matsayin mai. Yanzu masana na gwada wannan aiki da fallayen sinadarai marasa kauri.

Ina ruwan rashin kauri a ciki?

Nan ne maganar ta fi burge ni. Dubi mai kilishi: yakan fere nama shara-shara ya baza, don rana ta taɓa ko'ina. Haske kan zaburar da ilektiron, wato ƙanƙanin ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, a cikin sinadari, kuma sai ilektiron ɗin ya fito waje ya tarar da iskar kafin aiki ya yiwu. A dunƙule mai kauri, yawancinsu kan mace a hanya. A falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya zuwa uku kuwa, kusan ko'ina waje ne.

A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare irin wannan falle daga sinadarin bakin fensir, da salatif kawai, a Jami'ar Manchesta. Shi ne girafin, kuma ya kawo musu kyautar Nobel a 2010.

Sai da kayan tsada?

Ba lallai ba. Akwai kabon naitiraid, garin ruwan ɗorawa da ake samu in aka gasa yuriya, wadda manomi ke zubawa a gona, a zafin digiri 550. Shi ma ana iya ɓare shi falle-falle.

Me ke fitowa?

Galibi iskar kabon monoksaid da ta haidirojin, waɗanda matata ke iya sarrafawa su zama mai. A 2022 masanan Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gwada wani ganyen roba da ke yin haka yana yawo a kan Kogin Cam.

To me ya hana mu gan shi a gidan mai?

Abin da ake samu kaɗan ne tukuna, fallayen kuma suna saurin lalacewa. Ga iskar kanta da taurin kai, sannan kashi 0.04 cikin ɗari ce kawai ta iskar da muke shaƙa, tattara ta ma aiki ne. In an ƙona man, kabon ɗin zai koma sama. Ribar ita ce ba a tono sabo daga ƙasa ba. Jiragen sama masu dogon zango, da batir bai iya ɗauka, su suka fi buƙatarsa.